Tumakin Inna Masu Zagaye

Ranar da tunkiyar Inna ta farko ta fara zagaye, dariya muka sha. Ta karkata kai hagu tana ta kewaya turke kamar mai neman abin da ta yar. Da ta daina cin dusa, Baba ya yi maza ya yanka ta kada ta zama mushe. A ta biyu kam ba wanda ya yi dariya.

Inna ba ta wahala wajen neman mai laifi ba. Maƙwabciyarmu a Ruwan Bago, aminiyarta tun suna amare, ta taɓa leƙowa ta ce, "Kai, tumakin nan sun yi kyau!" ba ta haɗa da tubarkalla ba. Shi ke nan, wai baki ne. Inna ta daina gaishe ta, ta hana mu karɓar ko gishiri a gidan, shekara biyu cur. Ni abin ya ci mini rai, don matar nan ta iya dambu, Inna kuwa, Allah ya ba ta haƙuri, nata sai da ruwa a kusa.

Ta uku an yanka ta ne ranar da likitan dabbobi ya zo rigakafi daga Karaye. Ya sa aka fasa kan a gabanmu. Sai ga wata 'yar jaka cike da ruwa a cikin ƙwaƙwalwar, da fararen ɗigo-ɗigo kamar tsabar gero.

"Kowane ɗigo kan tsutsa ne," in ji likita. Ya ce tunkiya kan haɗiye ƙwan tsutsar a ciyawa, ya ƙyanƙyashe ya bi jini har ƙwaƙwalwa. Jakar tana girma tana matse ƙwayoyin halittar da ke kewaye da ita, waɗanda ido ba ya gani. Hanyoyin jini su tsuke, abinci ya yanke musu, su mutu, wurin ya kumbura. Gefen da ya lalace, can dabbar take juyawa.

"To ƙwan daga ina?" Inna ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Daga kashin kare, Hajiya. Malam, ina kuke kai irin wannan kan?"

Baba, wanda bai yarda da asarar ko ƙashi ba, ya gyara zaman hularsa. "Karen gonata nake jefa wa. Ai ba a wulaƙanta abinci."

"To, kai kake shuka cutar da hannunka. In kare ya ci kan, tsutsar a cikinsa take girma ta yi ƙwai."

Inna ta kalli Baba. Baba ya ga ba abin da ya fi takalminsa kyawun kallo. Aka binne kan a rami mai zurfi, kare ya sha maganin tsutsa.

Bayan la'asar Inna ta yafa mayafi ta fita, ni kuma na leƙa ta danga. Ta tsaya a ƙofar maƙwabciyar nan, ta ɗaga ƙafa za ta shiga, ta fasa. Tausayinta ya kama ni.

"Tun ɗazu nake ganin inuwarki," aka ce daga ciki. "Shigo mana, kin tsaya kamar baƙuwa."

Inna ta shiga tana share ido da bakin mayafi.