Abin da Yaya Ta Faɗa a Falon Baffa

Har yanzu in na ji ƙarar cokali a jikin kofin shayi sai gabana ya faɗi. Abin bai daɗe ba.

Ni 'yar fari ce. A gidanmu na haya da ke Kawo, Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. In za a aike ni sai a ce, "Ke, zo nan." In ana maganata sai a ce "waccan." Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, da ita suka taso a ƙauyensu na ƙasar Katsina, da ita suka zo Kaduna. Duk abin da ya shafe ni ba a hannunsu yake ba, yana hannun Baffa, yayan Baba, wanda ke aiki a ma'aikatar gwamnati, yana zaune a Doka cikin gida mai shingen furanni. Shi ya sa ni firamare, shi ya kai ni sakandaren kwana. Baba direba ne, yana jan ƙaramar bas daga tashar Kawo zuwa Zariya. Ko sakamakon jarrabawata bai taɓa karɓa da hannunsa ba. Doka ake kaiwa.

Baffa yana da 'ya da ta girme ni da aji ɗaya. Yaya nake ce mata. A makaranta ita ce uwata. Ita ta hana manyan ɗalibai sa ni wankin kayansu, ita ke yi mini kitso ran Asabar, kwano ɗaya muke jiƙa garin rogo da ƙuli. Da ta gama, ta ci jarrabawa da kyau, ta wuce jami'a a Zariya. Ni da nawa sakamakon ya fito, kome ya yi daidai sai Turanci. Shi ya kayar da ni, kuma ba shi ba jami'a.

Na yi kuka har idona ya kumbura. Yaya tana hutu lokacin, ta zo Kawo takanas, ta zauna bakin gadon Inna ta ce, "Haba ƙanwata, sai ka ce an yi mutuwa? Akwai babbar kwalejin malamai a Zariya. In kin gama, sakandare za ki koyar, in kina so ma daga can ki shiga jami'a. Ke da tun muna makaranta yara ke bin ki ki koya musu lissafi? Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Gaskiya ta faɗa, ina son koyarwa. Shekarar ce kuma gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, ko'ina malamai ake nema. Na nema, na je an yi mini tambayoyi, aka ɗauke ni. Aka ce in bayyana ran Litinin ɗin da za a buɗe, in ba haka ba a ba wani gurbin. Abu ɗaya ya rage, yardar Baffa. Yaya ta ce, "Wannan bar ni da shi. Ni na san bakin zaren tsohon."

Ran Lahadi bayan la'asar muka tafi Doka ni da Baba, saura mako guda a buɗe kwalejin. Yaya ta zo gida hutun ƙarshen mako, amma ba ita kaɗai ba. Ta zo da ƙawayenta biyu na jami'a, 'ya'yan manya, masu takalma masu tsini da agogo a hannu. Suna zaune a kujerun falo suna shan lemon kwalba. Baba ya cire takalmi tun daga waje, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, don ba ya hawa kujera a gaban yayansa. Ni na durƙusa gefe na gaishe da kowa.

Baba bai iya cewa "'yata" ba. Cewa ya yi, "Alhaji, 'yarka ce ta samu makaranta, aka ce a zo a gaya maka."

Baffa yana juya shayi. Ya ce, "Madalla. Wace?"

Na faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa.

"Kwalejin malamai," ya maimaita, kamar yana ɗanɗana miyar da bai sani ba. Sai ya juya wajen Yaya. "Ke da kike garin, me kika sani a kanta?"

Na ɗago kai na dube ta. Wallahi har murmushi na fara.

Ɗaya daga cikin ƙawayen ta riga ta. Ta ce, "Au, 'yan alli?" Ɗayar ta ƙyalƙyale da dariya har lemo ya sarƙe ta. Yaya ta dube su, ta dube ni, sannan ta kawar da kai wajen taga.

Ta ce wa mahaifinta, "Ai matattara ce, Baba. Duk wanda jami'a ta ƙi, can ake kwashe shi a zuba. Mu ko gaisawa ba mu cika yi da su ba."

Ban san ko na yi motsi ba. Abin da na sani, kunnena ya ɗauki wani irin ƙugi, cokalin Baffa kuma yana ta buga kofi, ƙal, ƙal, ƙal.

Baffa ya ajiye cokalin ya ce, "To, a zuri'ar nan ba a rabin karatu. Ta zauna gida ta sake Turancin baɗi. In ta ci, jami'a. In ba ta ci ba, sai mu ga abin da Allah zai yi."

Na san zaman nan. Na ga 'yan matan layinmu da suka zauna sake jarrabawa, a ɗaki ɗaya da ƙanne, ba malami, ba littafi, ga tallar da za a taya uwa. Ba wadda ta koma aji a cikinsu. Na dubi Baba. Kansa na ƙasa, yana murza bakin hularsa. Ya ce, "Yadda ka gani, Alhaji." Me zai ce? Mutumin da ko sunana ba ya iya kamawa, ta ina zai tsaya yana jayayya a kaina gaban baƙi?

Da Yaya ta tashi kai kwalabe baya, na bi ta har bakin famfo.

Na ce, "Yaya, ke fa kika ce in nema."

"Don Allah rage murya, kar ki tara mini jama'a."

"Ke kika ce in bar ki da shi."

Ta buɗe famfo tana ɗauraye hannun da ba abin da ya taɓa. "Lokacin kina kuka ne, me kike so in ce miki? Ki yi tunani mana. Gari ɗaya fa za mu zauna. So kike ki riƙa zuwa ɗakinmu ana cewa ga ƙanwar wance 'yar alli? Ke ba ki san yadda wurin nan yake ba. Taimakonki na yi, wata rana za ki gode mini."

"Da can da muke cin gari a kwano ɗaya ba ki ji kunyata ba."

"Da can daban," in ji ta. Ta yarfe hannu ta koma falo. Ina jin su suka sake fashewa da dariya, ban san ko a kaina ba ne.

Muka koma Kawo. Makon nan ban ci abincin kirki ba. Inna takan ajiye mini kwano ta wuce, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Ba ta tambaye ni ba, don ba ta da bakin tambaya.

Ran Asabar da safe ina shara a tsakar gida, Baba yana ɗaura agogo zai fita. Ya tsaya bakin ƙofar ɗaki, ya juya mini baya, ya yi magana da Inna da murya sama da yadda ya saba.

Ya ce, "Motar nan dai jibi Zariya za ta, kamar kullum. Kujerar baya ba ta faye cika ba."

Inna tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Da rana na tarar an jawo akwatina na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. An sa sabulu a ciki, da sabon kwano, da ƙullin yaji. Ba wanda ya ce shi ya sa.

Na shiga motar ran Litinin, na zauna a baya tsakanin wata mai buhun albasa da wani soja daga Mando. Har muka isa Baba bai dube ni ta madubi ba. Da ya sauke fasinja, ya kai ni ƙofar kwalejin, ya sauke akwatin da kansa, ya ce wa maigadi, "Ga wata nan ta zo karatu." Ya ja mota ya tafi.

Yanzu ina nan. A ɗakinmu akwai wata matar aure da ta yi shekaru tana koyar da 'yan firamare a ƙauye, ta bar 'ya'yanta wurin uwarta ta dawo aji. Akwai wadda ta samu jami'ar ma ta ƙi, don ita malanta take so. Ban ga wanda aka kwaso aka zuba ba. Karatu ne, mai wuya kuwa, kuma ina fahimtarsa.

Amma wata ƙanwata ta zo mini da labari daga gida. Baffa ya aika wa Baba cewa tunda ya karɓi 'yarsa, to ya riƙe. Baba ya je Doka ba da haƙuri, aka bar shi tsaye a waje har ya gaji ya dawo. Mutanen da tun suna yara ba su taɓa saɓawa ba. In na tuna a kaina ne, sai in ji kamar in ɗaure akwati in koma. Sai kuma in tuna wanda ya sauke akwatin.

Shekaranjiya na shiga kasuwa sayen kalanzir, na hango Yaya da ƙawayen nan biyu suna taya yadi. Ɗankwalin da ke kanta irin nawa ne, tare Baffa ya saya mana da Sallar bara. Kafin in yi tunani har na faɗa bayan rumfar wani mai tumatir na tsuguna. Mutumin ya leƙo ya ce, "'Yan mata, lafiya? Wa kika yi wa laifi?"

Na ce masa ba kowa. Amma ban tashi ba sai da suka wuce.