Yadda Alhaji Sani Ya Yi Sojoji Biyu

Akwai ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba a duk shekarun da na yi ina buga wa mutane takardu, kuma da 'yar ƙararrawar tafireta ta fara. Ku da kuke aiki da kwamfuta yanzu ba ku san ta ba. Idan an kusa ƙarshen layi sai ta ce "tin", don mai bugu ya koma farko. Da hantsi ne, shinkafa na kan wuta, ina falo ina buga wa wata maƙwabciya wasiƙa zuwa Kano. Ƙararrawar na yin ƙara sai na ji murya daga shagon maigidana, wanda bango ɗaya ya raba mu: "Yauwa! Malam Habu, ashe mai raba gardamar tana cikin gidanka."

Shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin fetur ya cika Libreville, kowane ofis kuma ba ya sauraron mutum sai da takarda bugaggiya. Ni na gama sakandare a Zariya kafin aure ya kawo ni unguwar Nkembo, na tsinci Faransancin da zai ishe ni cike takardu, don haka 'yan kasuwarmu suke aiko da buƙatunsu ta hannun maigida. Ƙa'idata ita ce in buga kwafi biyu, in karanta wa mai takarda da Hausa, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Mai muryar nan Alhaji Sani ne, dillalin siminti da kayan gwangwani. Ya gina katafaren sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Port Môle, ya je unguwar Louis ya ga kamfanoni da masu gadi cikin kaki, ya dawo ya rantse a gaban jama'a cewa ba mai tsaya masa a ƙofa sai tsohon soja. Mutum biyu suka zo neman aikin: Baba Audu mutumin Bauci, wanda ya yi yaƙin Bama ƙarƙashin Ingilishi, da Baba Musa mutumin Garwa, wanda ya yi wa Faransa aiki. Dukansu takardar zamansu ta ƙare, ba a kuma sabunta ta sai da wasiƙar ubangidan aiki. A lokacin jandarma suna yawan tare mutane a kasuwa. Wanda bai sami aikin nan ba, kora ce ke jiransa, ga tsufa, ga ba kowa a gida.

Maigida ya shigo da su tsakar gida, na yafa mayafi na fito na gaishe su.

"Malama," in ji Alhaji, "ni soja na ce. Wannan ya ce wancan ba soja ba ne. Ki duba littafi ki buga mana gaskiya."

"'Yata, abin ba wuya," in ji Baba Audu. "Kalmar soja daga bakin wa muka ji ta? Bakin Ingilishi. To wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana cin dogon burodin Faransa, ina ya haɗu da ita?"

Baba Musa ya ce, "Ji ɗan shayi. Harsashin da ya shiga cinyata ya tambaye ni yaren da nake ji?"

Baba Audu ya ce, "Nuna mana faretinka in kai ne."

Kafin in ce wani abu Baba Audu ya ɗauki taɓaryata ya saɓa, Baba Musa ya fizgi sandar da nake tokare igiyar shanya. Zannuwana suka zube ƙasa. Wannan yana "lef, rai, lef, rai", wancan yana "an, de, an, de", suna zagaya turmi, kowa yana ba kansa oda, kaji suna tsalle kan katanga. A juyi na uku suka yi karo, suka zauna a ƙasa suna haki. Alhaji ya tafa, ya ce duka sun iya, shi ya sa yake son littafi. Ni kuwa ina jin ƙaurin shinkafata, ba halin tashi.

Na ɗauko babban ƙamus ɗin Turanci da aka ba ni kyauta a aji biyar, irin wanda ke faɗin inda kowace kalma ta fito. Na buɗe, na ce, "Baba Audu, gaskiyarku. Kalmar Ingilishi ce, bakinmu ya lanƙwasa ta ta zama soja."

Ya miƙe ya ƙame har da buga ƙafa.

"Amma Baba, akwai saura. Littafin ya ce su ma Ingilishi aro suka yi daga tsohon Faransanci."

Baba Musa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ashe kayanmu kuka sata! Malama, maimaita, kunnensa ɗaya ba ya ji."

Da na san abin da zai biyo baya da na rufe littafin a nan, amma na riga na ga layi na gaba, kuma ba zan ɓoye ba. Na ce su ma Faransa daga sunan wani kuɗin zinariya na Rumawa suka samo ta, wanda ake biyan mayaƙa da shi. Asalin ma'anar dai, wanda ake biya albashi ya riƙe makami.

Baba Musa ya ajiye sandar a hankali, ya ce, "In haka ne, ni ba soja ba ne. Tun da suka sallame ni nake bin fansho, ko tamma ban gani ba." Baba Audu ya jingine taɓaryar, ya ce, "Ni bargo ɗaya suka ba ni da lambar ƙirji. Bargon ma an sace a jirgi." Suka zauna kan tabarma ɗaya, ba mai kallon wani.

Alhaji ya ce, "Kai! Na zo da soja biyu, littafi ya cinye su duka? Ni fa na yi rantsuwa. Malama, zan dawo bayan la'asar, in tarar da sunan mutum ɗaya a takarda."

Na kankare abin da ya saura na shinkafar na zuba wa tsofaffin, suka ci. Na yi azahar na daɗe a kan sallaya, don duk sunan da na buga, na buga wa ɗayan takardar kora ke nan da hannuna. Ƙarya kuma ba zan sa a takarda ba, ko don tausayi. Har na yi hawaye. Daga baya na ga ai ba wanda ya tambaye ni ra'ayina, abin da littafi ya ce aka tambaya. Na zauna na buga layi huɗu: cewa bisa ga ƙamus soja shi ne wanda ake biya ya riƙe makami, cewa mutanen nan biyu sun iya riƙe makami, an gani da ido, cewa a yau ba mai biyan ko ɗayansu, don haka duk wanda Alhaji Sani ya fara biya, daga ranar ya zama soja.

Da ya dawo na karanta masa. Ya ce in sake. Na sake.

"Tsaya, Malama. Wato ni ne nake yin sojan?"

"Haka littafi ya nuna, Alhaji."

"Ba Ingilishi ba, ba Faransa ba, ni Sani?"

"Su sun daina biya."

Ya gyara hula, ya dubi maigida. "Malam Habu, kamfanonin Louis soja nawa-nawa gare su a ƙofa?" Maigida ya ce yawanci ɗai-ɗai. "To ni biyu. Buga mini wasiƙa biyu." Ya ciro kuɗi nan take ya danƙa wa kowannensu, ya ja da baya yana kallonsu kamar yana jiran ya ga sun canza kama. Ya tambaye ni ko direbansa ma soja ne. Na ce sai in an ba shi makami. Ya ce shi kuma fa, janar ke nan? Na ce littafin bai kai nan ba.

Washegari suka kai wasiƙun, aka sabunta musu takardun zama. Sun yi shekaru a ƙofar siton nan, ɗaya dama ɗaya hagu, da kulake, suna zagin burodi da shayin juna har Allah ya ɗauki ran Baba Audu. Baba Musa ne ya yi masa wanka.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa a wannan aiki, shi ne mutane suna gaskata takarda fiye da tabon da ke jikin mutum. Tsofaffin nan sun nuna rauni, sun yi fareti har sun faɗi, ba a yarda ba sai da layi huɗu suka fito daga inji. Don haka kada ku buga ƙarya, amma kada ku yi gaggawar buga gaskiyar farko da ta zo hannu. Ku ɗan zauna tukuna ku duba ko wani zai rasa wurin kwana a kanta.

Bayan kwana biyu Alhaji ya aiko mini da katan ɗin kifin gwangwani da sabuwar taɓarya, ladan aiki. 'Yata Hauwa, tana da shekara shida a lokacin, ta dubi katan ɗin, ta dubi taɓaryar a hannuna, ta ce, "Umma, an biya ki, ga makami. Gobe a wace ƙofa za ki tsaya?"