Kujerar Gaba

Tsohuwar mota ce, amma na sa mata tarbo, na'urar da ke ɗura wa inji iska har ya haukace. A garejin abokina a Sharada muka yi aikin. Muka canza salansa, muka sa birki mai kamawa, muka ɗaura babban lagireto saboda zafin Kano. Ranar da na ɗaga ƙafa daga totur ta yi atishawar nan tata, fsss, sai da na rungume abokina da baƙin mai da komai.

Daga nan na ga ta yi nauyi. Na kwance kujerun baya na jingine a gareji, don akwai gwajin gudu ranar Lahadi a filin wata rufaffiyar masaƙa a Challawa.

Shaf na manta motar nan ce ke kai Hajiya, mahaifiyata, unguwa. Ranar Juma'a ta fito da ƙawayenta biyu za su gidan suna a Na'ibawa, an sha lalle da turare. Suka buɗe ƙofar baya, sai ƙarfe tsirara. A adaidaita suka tafi.

"Ban yarda da gudun nan ba," ta ce da ta dawo. "Sai na ga abin da ya cinye min kujeru."

Ba na taka filin nan ba da yardarta ba, kuma ta sani.

Ranar Lahadi da hantsi na kai ta. 'Yan wasan mota suka yi ta zubewa suna gaisuwa. Ta ƙi kujerar roba da aka kawo mata inuwa, ta ce a ba ta hular kwano. A kan mayafi ta ɗora ta, ta shige gaba.

Na ja a hankali kamar na ɗauko ƙwai. Muka zaga sau ɗaya.

"Wannan ne gudun?" ta ce. "Marigayi babanka da tirela cike da fata ya fi ka sauri daga Bompai. Taka mana!"

Na taka. Tarbo ta yi fito, kujera ta manne mana a baya, katangar masaƙar ta taho a guje. Na kama birki, na karya kwana, tayoyi na kuka. Hajiya na salati, tana dariya, tana dukan cinyata. Tun rasuwar Baba ban ji wannan dariyar ba. Daɗi ya kama ni har idona ya cika.

Da muka tsaya ta cire hular, ɗankwali ya karkace.

"Na baya su zauna a gareji," ta ce tana haki. "Wannan ta gaban kuwa, kar ka kuskura ka taɓa ta. Tawa ce."