Shekarar da Aka Rufe Bakin Rijiyarmu

Gonar da babana ya bar mini jigawa ce zalla, irin wadda in ka dumbuzi ƙasarta sai ta zurare ta tsakanin yatsunka. Duk wanda ya san ƙasar Gumel, musamman yankinmu na tsakanin Sule Tankarkar da Ɗanzomo, ya san abin da nake faɗa. Amma ita ta riƙe gidanmu, ko a shekarar babbar yunwa ba mu watse ba. Ba wani asiri a ciki, kashin shanu ne. Duk rani akwai wani Bafillace da ke gangarowa daga arewa da garkensa ya kafa turaku a gonarmu. Shanun su ci kara su kwana, yana matsar da su daga wannan kusurwa zuwa waccan har bazara ta kawo jiki. Tun ina goye yake zuwa. Baffa nake ce masa. Da yake kakanninmu Mangawa ne, akwai wasa tsakaninmu, shi bai taɓa kirana da wani suna ba sai bawansa, ni ma da na yi wayo ba na barin ta kwana.

Ba kara ke kawo shi wurinmu ba, kara ko'ina akwai. Ruwa ne. Rijiyar garinmu zurfi gare ta, bakinta kuma da faɗi, an gitta masa manyan itatuwa da igiya ta cinye har ta yi musu kwari. Kowace zuriya da kakanninta suka sa hannu a haƙar rijiyar tana da gefenta, da gwafar da take rataya igiya, don haka mutane da yawa kan zura guga a lokaci guda. Baƙo ba shi da gefe. Ruwan sha da na alwala ba a hana kowa, amma in dabbobi zai shayar, sai ya nemi mai masauki ya ja ta gefensa. Baffa ta gefen babana yake ja. Mata su gama ɗiba da hantsi, shi kuma ya ɗaura igiyar wasakinsa, wato babban gugan fata, a bijimi, bijimin ya ja ya dawo, ya ja ya dawo, har komi ya cika shanu su ƙoshi, kafin ya tashi ya cika mana randunan gida. In rani ya tsananta ruwa ya ja baya, sai a kira gayyar yasa. Kowane gefe ya ba da mutum da igiya, baƙin da ke ja ta gefen wani su kawo nono da ɗan akuya.

Kada wani ya ɗauka zaman lafiya muke yi. Ba na son tsofaffin da ke mai da zamanin da Aljanna. Faɗa muke yi a bakin rijiyar nan kamar ba gobe. Igiya ta harɗe da igiya, a yi zage-zage. Fatake su taso daga kasuwar Maigatari da kanwa da gishiri, jakunansu su afka wa komin da wani ya sha wuya ya cika, a ɗauko sanduna. An fasa kawuna, an tsinke igiyoyi da gangan, kuma kusan duk rani sai wata ƙara ta kai gaban alƙali a Gumel. Akuya ta sha faɗawa ciki, sau ɗaya ma yarinya ce, Allah ya yi da sauran kwananta.

A shekarar da babana ya rasu na zama maigida, da uwa da mata da ƙanne a wuyana. Shekarar ce kuma wani Bature ya zo rangadi. Lokacin jirgin ƙasa ya daɗe da isowa Kano, gyaɗa ta fara daraja, kowa bakinsa cike da labarin abin da ƙarfe ke iya yi. Baturen ya gaji da jin ƙararrakin rijiyarmu, ya ce a kai shi ya gani. Ya tsaya ya kalli mata suna ja, ya leƙa ciki, ya yamutsa fuska, sannan ya yi magana tafinta ya juya mana. Wai abin ba shi da wuya. Ja da hannu ne ke da nawa, nawa ke kawo cunkoso, cunkoso ke kawo faɗa. Za a kawo ƙarfe mai fito da ruwa da sauri, a rufe bakin, ba ƙazanta, ba faɗawa, ba shari'a.

Mutumin ba mugu ba ne, kuma duk abin da ya faɗa ya gani da idonsa. Sai dai bai tambayi wa ke da rijiyar ba, mu kuma ba mu ga abin faɗa a nan ba, don wa zai tsaya yana yi wa baƙo bayanin abin da ko ɗan yaye ya sani? Dagaci ya ce ransa ya daɗe, mu duka muka amsa. Murna muka yi ta gaske, har da masu guɗa.

Bayan kaka raƙuma suka iso da dogayen bututun ƙarfe da buhunan siminti. Aka tumɓuke gwafanni, aka janye itatuwan bakin, aka zura bututu, aka shafe bakin rijiyar ƙaf. Abin da ya rage a sama wani ƙarfe ne mai dogon hannu, wanda daga baya muka ji ana ce masa famfo. Kana danna hannun sai ruwa ya ɓulɓulo garau, ba ko tsinke a ciki. Mutane har daga Gagarawa suka riƙa zuwa kallo. Uwata, wadda igiya ta mai da tafin hannunta kamar ƙirgi, ta danna sau biyu ta cika tulu, ta ce kowa ya daɗe ya ga daɗau. Ban taɓa ganin ta yi dariya irin ta ranar ba tun rasuwar babana.

Ba a daɗe ba aka gane cewa ƙarfen nan baki ɗaya gare shi. Inda da mutane da yawa ke ja tare, yanzu sai ɗaya bayan ɗaya. Tulunan mata suka jeru har gindin tsamiya. Dagaci ya sa mai tsaro da bulala, aka ce doka ita ce kowa ya bi layi, wanda ya riga zuwa shi ke gaba, ɗan gari ne ko baƙo. In ka ji dokar da kunne sai ka ce ba wadda ta fi ta adalci.

Ana cikin haka Baffa ya iso. Na tare shi a bakin gona, a nan ya ji rasuwar abokinsa. Ya zauna a ƙasa ya daɗe yana addu'a, ya ce ba abin da zai sauya, gonar abokinsa gonarsa ce. Muka kafa turaku a kusurwar gabas, sannan na raka shi rijiya da bijiminsa da wasakinsa. Ya zagaya simintin nan sau ɗaya, ya dube ni.

"Bawana, ina gefen babanka?"

Na ce masa babu gefe yanzu, Baffa, layi ake bi. Ya waiwaya ya dubi garkensa, ya dubi jerin tuluna.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. In na zauna a gida hankalina na rijiya, in ina rijiya hankalina na gona. Shanu ba sa bin layi. Mata suka ce ba za su tsaya da goyo a rana wani ya cika komi ba, kuma gaskiyarsu ce. Fatake da a da sai sun nemi alfarma, yanzu suka ce rijiyar Bature ce, ba ta uban kowa ba, su ma ba su yi ƙarya ba. Faɗan da aka zo kashewa sai ya ninka. A da in an yi rikici an san gefen wa aka taɓa, an san dattijon da zai tsawata. Yanzu kowa da kowa ne, mai bulala kuma sai wanda ya ga dama yake duka. Na roƙi dagaci ya ware wa Baffa tsakar rana, ya ce shi ba zai taɓa dokar da ba shi ya kafa ba. Sai in tsaya a layi da kaina tun safe, in layi ya zo kaina mu kama hannun ƙarfen ni da Baffa, muna dannawa ana zaginmu, bijimin da ya saba yin aikin yana tsaye yana korar ƙuda. Rabin garken ya sha, rabi ya koma da ƙishi.

Da rani ya yi nisa ruwan ya fara fitowa da laka. Kowa ya san lokacin yasa ya yi, amma ta ina za a shiga? Wata rana wata mata ta danna hannun ta ji ya tafi sakaka, ba nauyi. Aka danna, aka danna, ko ɗigo. Ruwa na nan a ƙarƙashin ƙafafunmu, in ka kara kunne a bututun kana jin sanyinsa, amma ba hanyar kai wa gare shi. Maƙerin garinmu ya duba ya ce shi ba ya sa hannu a abin da bai ga cikinsa ba. Samari suka ɗauko gatura za su fasa simintin, dagaci ya rantse duk wanda ya taɓa kayan Bature sai ya kwana a gidan yari. Ya aika wa hakimi, hakimi ya aika Gumel. Da na ga shiru na niƙi gari na tafi Gumel da ƙafata, na yini a ƙofar wannan da ƙofar wancan. Abin da na samo shi ne an aika Kano, mai gyara na nan tafe, a yi haƙuri. Na dawo raina a ɓace, ina tafe ina magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Har yau in na ji yaran zamani suna cewa matsalar kaza ai inji kawai za a kawo a huta, sai in yi tsaki. Ba ƙarfe nake ƙi ba, na hau mota na ji daɗinta. Amma mu abin da ke tsakaninmu a bakin rijiyar nan ba nawar ja ba ce kaɗai. Akwai gado a ciki, akwai baƙunta, akwai taki da nono da yasa, duk a ƙulle wuri guda, aka zo aka shafe da siminti a yini biyu. Garin neman gira muka rasa ido.

Garinmu duka ya koma ɗibar ruwa a wani ƙauye mai nisa, inda mu ne baƙi marasa gefe. Baffa ya daure, yana kora shanu can yau, gobe su kwana da ƙishi. Suka rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Da wata saniyarsa mai ciki ta faɗi a hanya ta kasa tashi, sai na ga ya fara tuge turaku. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na gonar bai taka ba. Na durƙusa a gabansa, ni da ke ce wa kaina maigida, na roƙe shi ya ƙara ko 'yan kwanaki.

"Na yi wa babanka alkunya iyakar iyawata," in ji shi. "Amma su waɗannan ba su san alkunya ba, ruwa suka sani."

Mai gyara ya zo bayan tafiyarsa, ya sauya wata 'yar fata a cikin bututun, ruwa ya dawo. Kafin damina ta sauka abin ya sake mutuwa, wannan karon ba wanda ya aika ko'ina. Aka wayi gari an fasa simintin, dagaci ya ce shi bai ga komai ba. Muka yashe rijiya, muka mai da itatuwa, aka yi ta jayayya a kan inda gefen kowa yake, na samu namu da kyar. Daminar ta yi kyau, amma gonata kusurwar gabas ce kawai ta yi abin kirki, sauran geron ko ƙuguna bai kai ba. Tun kafin sanyi ya wuce uwata ta fara rage awo, tana cewa ita ba ta jin yunwa.

Da rani ya zagayo na shirya. Ban bar kowa ya taɓa karan gonar ba, na sa aka tufka sabuwar igiya, na kafa gwafa mai ƙwari. Kullum ina kan hanyar arewa, in na hango garke in zuba ido, in ya matso in ga ba na Baffa ba ne. Ranar da Baffa ya ɓullo, da gudu na tare shi, tun kafin mu gama gaisawa na shiga ba shi labari, an fasa, Baffa, an fasa, gefenmu ya dawo. Ya saurare ni har na gama, ya yi mini barka. Sannan ya ce bara da ya bar nan shanunsa na mutuwa, wani mutum a wajen Gagarawa ya ba shi gefensa ba tare da ya san shi ba, shi kuma ya yi masa alkawarin bana da baɗi da duk shekarar da Allah ya ba shi rai.

"In na saɓa masa, kai ma gobe ba za ka yarda da ni ba," ya ce.

Ya tambayi lafiyar uwata, ya sa mini albarka, ya ɗaga sandarsa garken ya bi burtali ya yi kudu. Na tsaya har suka ɓace. Daga nan na koma gida na ɗauko kwando, na bi sawunsu ina tsintar kashin da suka zubar a hanya. Mata na dawowa daga rijiya da tulunansu, suka riƙa kau da kai don kada in ji kunya. Na bi burtalin har la'asar, kwandon bai cika ba.