Ƙarfen Kawu da Ganuwar Jamusawa

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Gesse, ni da ƙanena mai karatu a Jamus, zan raka shi can. Muka biya Argungu, Kawu ya damƙa mini wani ɗan ƙarfe da ya tsage a cikin tsohon injinsa na ban ruwa, ƙirar Jamus, in nemo masa irinsa a can. Ya ce an neme shi har Kano ba a samu ba, shinkafarsa ta rani kuma ƙishi take ji.

Garin da ƙanena yake bai kai Gwadangaji girma ba. Yana kwance tsakanin duwatsu biyu, kogi ya raba shi, sanyi kuwa ba a magana. Burodinsu sai mai haƙori, ruwan sha ma gas ne a ciki. Hidimar makarantarsa ta cinye mana kwanaki, sai ranar Asabar muka samu sarari, aka ce mai sayar da irin ƙarfen yana bayan gada.

Mai gidan da ƙanena ke haya, wani tsohon malamin tarihi, ya ce zai raka mu. Nan na yi wauta. Dattijo ya ɗauko ka da mutunci, ta yaya za ka ce masa sauri kake yi?

Ya nuna mana ganuwa, ya ce fataucin gishiri ne ya kafa garin. Ya kai mu bangon da suke zana iyakar kowace ambaliya, ya lissafa gobarar da ta ci kasuwa, da yaƙin da ya rushe gada. Ni da na tashi a bakin gulbin Rima ake koya wa ambaliya! Ina ta gyaɗa kai, raina yana ɓaci, ƙarfe yana aljihu.

Sha biyu da kwata muka isa, shago a kulle, ashe ran Asabar sha biyu suke rufewa. Lahadi ba sa buɗewa, Litinin kuma jirgina. Tsohon ya yi mamaki, ya ce da na faɗa, ai tafiyar minti biyar ce.

Na koyi cewa a can, wanda bai buɗe baki ba, ba shi da buƙata.

A fadama na tarar da Kawu, shinkafa ta fara ja don ƙishi. Ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, ya dubi hannuna sau ɗaya.

"Ba komi," ya ce. "Mu dai ka dawo lahiya."

Da ya zage ni ma, da ya fi mini sauƙi.