Ranar da Hamma Ya Ɗaura Gilashin Gem

Kafin in zama abin da mutanen unguwarmu ta Sintali a Jalingo suke nunawa da baki, ni yaro ne mai dama-dama. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, yayana ne ya riƙe ni. Hamma nake ce masa, yadda ake kiran babban wa a gidajenmu. Keke mai ƙafa uku yake tuƙawa, daga ita muke ci, daga ita na yi makaranta. Yana da wata ɗabi'a da take ba ni haushi: in za mu tsallaka titi sai ya damƙi wuyan hannuna, damƙa mai zafi kamar ya kama ɗan akuya. Har gemu ya fara tsiro mini bai daina ba.

A bayan layinmu akwai gidan gem na wani mutum da muke kira Oga Luka. Ɗaki ne guda, da talabijin jere a bango, da labule mai kauri saboda hasken rana. Can na fara zuwa buga ƙwallo, har na koyi gyaran pad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana latsawa. Allah ya ba ni hannu. Pad ɗin da kowa ya ce ya mutu, ni zan buɗe cikinsa ya tashi. Oga Luka ya yarda da ni har yana bar mini shago.

Satata ta farko ba ta kai a kira ta sata ba, a ganina na lokacin. Wani ya kawo pad ɗinsa mai kyau gyara, na cire kayan cikinsa na asali na sa masa na jabu. Ya karɓa yana godiya. Bai gane ba, kuma rashin ganewarsa ne ya cuce ni.

Sai sabon abu ya shigo gari. Mun daɗe muna ganinsa a waya, gilashin gem da ake ɗaurawa a fuska ya rufe ido ruf, da abin toshe kunne. Oga Luka ya yo odarsa daga Legas. Ranar da ya iso, layi har bakin titi. Wanda ya ɗaura sai ka ga yana kai wa iska naushi, yana ihu, yana tsalle, mu muna ta dariya. Mutum ya bar Jalingo gaba ɗaya, aljihunsa kaɗai ya bari a wurinmu.

Ba ni na fara lura da haka ba. Wani ɗan iskan unguwa ne mai suna Dogo, wanda kullum idonsa ja saboda ƙwaya. Ya raɗa mini, “Ka ga wancan? Ko wandonsa ka cire ba zai sani ba.” Na yi dariya, amma kafin mutumin ya sauke gilashin wayarsa tana cikin safata.

Wayoyi suka yi ta ɓata, har Oga Luka ya gaji. Ya kira ni ya ce, “Kai yaro, waya yana ɓata a shago na kullum, kuma kai ne kana nan. Ni ba na so wahala. Ka tafi, kar ka zo kuma.” Na zage shi tas, mutumin da ya koya mini sana'a.

A lokacin wasu gidajen gem a unguwannin Nukkai da Kachalla Sembe sun sayi nasu gilashin, sai muka koma zagaye. Dogo ya ja mashin, ni in shiga. Na fara shan abin da yake sha. A Nukkai wani ɗalibi ya ji hannuna a aljihunsa, ya fizge gilashin ya cakumi rigata yana ihun ɓarawo. Dogo ya faɗo ya kama ƙeyarsa ya gwara kansa da bango, jini ya wanke masa fuska. Duk da haka bai sake ni ba. Na kai shi ƙasa, na sa takalmi na dinga taka hannunsa har na ji yatsun suna ƙaras-ƙaras. Muka bar shi yana birgima. Kada wani ya ce gem ne ya koya mini wannan. Dubban yara suna bugawa su koma gida lafiya. Muguntata ce.

Bayan wannan Dogo ya ba ni wani guntun ƙarfen kwance taya, ya kuma ba ni doka. Ya ce, “In ya kama ka kar ka tsaya ja da shi. Buga gilashin kawai. Mutum in an taɓa idonsa, ko ɗansa ya riƙe sakewa zai yi.” Na soke ƙarfen a ƙugu, ina jin kaina wani ƙasurgumi.

Labari ya kai kunnen Hamma. Ya tare ni a tsakar gida ya shara mini mari, sannan ya zauna a kan turmi kamar shi aka mara. Ya ce, “Useni, faɗa mini, me ke cikin wannan abu da ya fi gidanku?” Na ce masa ba zai gane ba, shi da bai san komai ba sai keke. Na kwashi kayana na koma ɗakin Dogo.

Wata rana da hantsi, yara duk suna makaranta, muka bi ta Sintali. Na hango Oga Luka ya zagaya baya da galan zai zuba wa janareta mai. Na ce wa Dogo ya tsaya, yau zan rama korar da aka yi mini. Na ɗaga labule na shiga. Mutum ɗaya ne a ciki, ya ba ƙofa baya, sanye da rigar 'yan keke irin wadda kowannensu yake sawa, gilashi a fuskarsa. Ba ya naushi, ba ya tsalle. Yana tsaye shiru, ya miƙa hannu ɗaya kamar zai shafa wani abu. Ɗakin da duhu, kaina kuma cike da ƙwaya. Na zura hannu a aljihunsa.

Caraf ya damƙi wuyan hannuna.

Ban yi tunani ba, dokar Dogo ce ta yi aiki. Na zaro ƙarfen na ɗaga. A daidai lokacin da hannuna yake saukowa jikina ya gane wannan damƙar, shi kuma ya kira sunana da alamar tambaya. Ƙarfen ya riga ya tafi. Gilashin ya tarwatse a gefen hagu, Hamma ya yi wata ƙara da har gobe ina jinta, ya zube a ƙasa. Jini yana bulbulowa ta ƙarƙashin robar. Bai sake ni ba. Dogo ya yi ƙarya.

Oga Luka ya shigo da gudu yana salati irin nasu na Kirista. Dogo ya ji ihu ya ja mashin, ban sake ganinsa ba. Jama'a suka ja ni waje. Wani ya sauke mini bulo a kafaɗa, wani ya fasa mini baki da katako, haƙorana biyu suka zube a ƙasa. Na ga an mirgino taya, wani yana cewa a kawo fetur. Wallahi a lokacin na so su ƙona ni. Sai ga Hamma ya fito da rarrafe, hannu ɗaya a kan ido, ya laluba ya kwanta a kaina. Yana cewa, “Ku bar shi, ƙanina ne! Ku bar shi!” Haka 'yan sanda suka same mu, jininsa yana ɗiga a wuyana.

Hamma ya ce ya yafe, amma ɗalibin Nukkai da sauran waɗanda na cuta suka zo kotu, kuma gaskiyarsu ce. Aka ɗaure ni. A gidan yari na ga waɗanda suka fi ni iya duka. An taɓa karya mini haƙarƙari a kan wurin shimfiɗa tabarma. Amma ba dukan ne ya fi ci mini rai ba. Tambaya ce guda: me ya kai Hamma gidan gem?

Ranar da aka sake ni yana bakin ƙofa, da baƙin tabarau. Idon hagu ya tafi, keke ma ta tafi, don ba a tuƙi a titin Jalingo da ido ɗaya. Rake yake sayarwa a ƙofar gida. Na durƙusa a gabansa, daga baya na yi masa tambayar.

Ya ce, “Nemanka na je. Luka ya ce ba ka nan. Sai na ce ya ɗaura mini abin, in ga abin da ya ɗauke mini ƙani.” Ya ƙara da cewa, “Teku ya sa mini. Ban taɓa ganin teku ba. Kifaye suna wucewa ta gabana, har na miƙa hannu. Abin da kyau, ban ga laifinka da ka so shi ba. Hannun da ka sa a aljihun mutane ne laifinka.”

Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa. Na je na nemi gafarar Oga Luka, na nemi ɗalibin nan, wanda har yau yatsunsa ba sa lanƙwasa daidai. Ya saurare ni, bai ce ya yafe ba, kuma ban isa in matsa masa ba. Yanzu gyaran waya da pad nake yi, kayan kowa ina mayar masa yadda ya kawo.

Ƙannena, ku buga gem ɗinku, ku ɗaura gilashinku, ku yi dariya. Amma ƙaramin abin nan da kuke cewa ba wanda zai gane, ku ajiye shi tun yau. Ku guji abokin da yake ba ku ƙwaya da ƙarfe. Duk wanda kuka ga fuskarsa a rufe kuka ce ganima ce, yayan wani ne. Ni kam nawa yayan ne.

Har yanzu in za mu tsallaka titi Hamma yana damƙar wuyan hannuna. Sai dai yanzu ni nake duba masa hagu.