Fuskar Ya Kellumi

Duk wanda ya ci shinkafar biki a unguwar Karewa ta Jimeta ya san hannun Ya Kellumi, amma kaɗan ne suka san fuskarta. Daga Bama ta gudo a 2014, da 'yarta Zulaiha 'yar shekara goma a gefe da zanen Barebari a kumatu. A Jimetar wancan lokacin, zanen nan kaɗai ya isa a hana ka ɗakin haya. Wata rana a kasuwa wani ya nuna ta, ya ce, "Ga irin 'yan ta'addan nan." Tun daga ranar ta ja gyale ta rufe kumatunta. Mutane suka manta da maganar, ita kuwa ta ci gaba da jin kunyar fuskarta. Ko madubi ba ta so.

Allah ya haɗa ta da abokan girki biyu da bakin duniya bai bari ba. Hilda, wadda masu Keke Napep ke wucewa saboda ƙibarta, ta daina zuwa coci sai an cika, ta zauna a baya. Na'inna kuwa ɗan daudu ne, ana shan miyarsa har a suɗe kwano, a hanya kuma a ƙi amsa masa sallama. Shi ya fi su shan wuya, shi ya fi su dariya.

Bana aka yi bikin Zulaiha. Mai hoto ya jera dangi, Ya Kellumi ta maƙale bayan tukwane, wai tana duba wuta. Amarya ta kafe, ta ce ba hoto sai da fuskar uwarta.

Na'inna ya ajiye ludayi, ya riƙe ƙugu. "Ya Kellumi, ni tafiyata ake zagi, kin taɓa ganin na bar ta a gida?"

Hilda ta ce, "Adda, tashi mu je. Idan ni na shiga hoton nan, ai ke ba ki da hujja."

Suka sa ta a tsakiya. Ta sauke gyalen. Mata suka rangaɗa guɗa, Zulaiha ta fashe da kukan murna, kwalliya ta ɓaci.

Mai hoto ya ce zai iya goge zanen a kwamfuta idan tana so.

Ya Kellumi ta gyara tsayuwa. "Kul! Matso kusa, yaro. Kakata ce ta yi min shi, ina so ya fito sosai."